Inda Ƙaguwa Ta Daina Mutuwa

Kifin ya fara tasowa ne da sassafe. Kafin hantsi, mataccen kifi ya rufe bakin kogi, fararen ciki a sama, tun daga kejin masu kiwon kifi har zuwa wurin da injin gari ke jan ruwa. An kashe injin. Famfo ya ɗauke a kowace unguwa. Mahaifiyar Mai Keji, ɗaya daga cikin masu kiwon, tsohuwar da ba ta taɓa yarda da ruwan famfo ba, wadda kullum take ɗiban na shanta a kogi, tana kwance a asibiti tana kumfar baki.

Ba a daɗe ana neman mai laifi ba. An tsinci jarkoki biyu na maganin ƙwari, babu komai a cikinsu, a bakin kwatar da ke fitowa daga majema. Kowa ya san Majemi yana fesa wa fatunsa irin wannan magani. Kowa kuma ya daɗe yana jin haushin warin da ke tashi daga wurinsa. Da ƙyar 'yan sanda biyu suka fizge shi daga hannun mutane, riga a yage, suka kai shi ofishin kula da kogi saboda shi ne mafi kusa.

Injiniyar da ke riƙe da ofishin ta aika a kira mata Mai Sawu. Shekara talatin ya yi a aikin gandun daji yana bin ɓarayin itace da shanun da suka ɓace, kafin ya ajiye aiki. Ya zo da sandarsa da takalmin roba. Ya ratsa taron da ke bakin ƙofa ya shiga.

"Baba, na ɗebi ruwa na aika gwaji," in ji ta. "Sai ya kwana uku. Waɗannan na waje ba za su kwana uku ba. 'Yan sanda sun ce ƙarfe huɗu za su tafi da shi, su rubuta shi ne. Da zarar motarsu ta bar nan, za a cinna wa majemar wuta."

"Ke kuma me kika gani?"

"Jarkoki biyu a bakin kwatarsa."

"Ba abin da aka nuna miki na tambaya ba."

"Shekara huɗu ina auna kwatar nan kowane wata. Tana wari, amma ba ta taɓa kashe ko kwaɗo ba."

"To a buɗe mini ɗakin."

Majemi yana zaune a kan buhun takardu, leɓe a fashe. Mutum ne gajere mai kauri, hannuwansa sun rine har gwiwa.

"Maganin nan naka ne?" in ji Mai Sawu.

"Irinsa nake amfani da shi. Amma ƙaramar kwalba nake saye, ta yi mini wata biyu. Jarka? Me zan yi da jarka, wanka?"

"Wa ka ɓata wa rai?"

"Duk mai hanci."

"Jiya da yamma kana ina?"

"A cikin rami, muna juya fata, mu ashirin da uku. Ka tambaye su, in ba su gudu ba." Ya shafa leɓensa. "Yallaɓai, kakana ne ya haƙa ramukan nan. In ni za su ɗaure, su ɗaure. Amma ka ce musu kada su ƙone wurin. Mutanen nan ba su iya wata sana'a ba."

Mai Sawu bai yi masa alkawari ba. Ya fita ta ƙofar baya.

A bakin kwatar ƙafafun mutane sun riga sun dagula komai. Ya bar wurin da aka tsinci jarkokin, ya zagaya nesa, yana faɗaɗa da'ira har ya fita daga inda aka tattake. Daga ƙofar majema zuwa kwata akwai sawun ma'aikata na jiya da shekaranjiya, babu wanda ya taɓa shi. Amma a siririyar hanyar da ta bi gaɓa ta yi sama, ƙasa ta yi sumul. An ja reshe a kai, taku wajen ɗari, sannan aka shiga ciyawa.

Injiniya ta riske shi a tsugune.

"An share," ya ce.

"Majemi?"

"Da shi ne, hanyar gidansa zai share. Wannan daga sama ya zo, sama ya koma."

"Wa ke sama?"

"Mashigi. Bayan mashigi kuma lambuna."

A mashigi suka tarar da tanka a tsaye, ƙafafunta na baya cikin ruwa. Direban yana kwance a ƙarƙashin inuwarta. Wata mai wanki ta riga ta gaya musu cewa jiya da la'asar ta gan shi yana wanke cikin tankar, farin kumfa yana bin ruwa.

"Tashi, malam," in ji Mai Sawu. "Me ka wanke jiya?"

Direban ya tashi zaune yana murza ido. "Mota."

"Cikinta nake nufi."

"Ruwa nake ɗauka, Baba. Ruwan gini. Gansakuka ce ta yi yawa na sa garin sabulu."

"An hana wanki a nan," in ji Injiniya. "Ga allo can."

"Ranki ya daɗe, allon nan ni na ɗauko shi daga tasha a kyauta."

Mai Sawu ya hau saman tankar, ya buɗe murfin, ya zura kai ya shaƙa. Sabulu da tsatsa. Ya sauko ya dubi takalmin direban, ya dubi gaɓa. Sawun mutumin daga mota ne zuwa ruwa, daga ruwa zuwa mota.

"Ka zo ofis ƙarfe huɗu."

"Ni kuma? Me na yi?"

"Ka wanke mota a ƙarƙashin allon da ka ɗauko."

Wayar Injiniya ta yi ƙara. Ta saurara, ta ce to, ta kashe. "Tsohuwar ta rasu."

Direban ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Daga can wajen gari ana jin hayaniya tana ƙaruwa.

"Koma ofis," in ji Mai Sawu. "Ki tsaya a ƙofa da kanki. Suna jin kunyarki fiye da 'yan sandan."

"Kai fa?"

"Duk kun bi kifi. Kifi ruwa ke tafiya da shi, inda kika gan shi ba nan ya mutu ba. Zan je in tambayi wanda ba ya tafiya."

Ya naɗe wandonsa ya shiga bakin ruwa. Ya ɗaga dutse na farko. Ƙaguwa biyu a ƙarƙashi, sun sandare, ƙafafu a buɗe. Ya mayar da dutsen. Wannan wuri yana sama da kwatar Majemi da nisa, kuma ruwa ba ya komawa baya. Ya wuce inda tankar take, ya ɗaga wani dutsen. Matacciya. Direban ma ya fita daga zargi ke nan.

Haka ya ci gaba, taku ashirin, dutse ɗaya. Rana ta take. Bayansa ya fara ciwo. Lambu na farko ya wuce, na albasa, ƙaguwar bakinsa matattu. Na biyu ma haka. Na uku ma haka. Ya san lambun da ke gaba, sai tafiyarsa ta ragu. Ya ɗaga duwatsu fiye da yadda ake bukata.

A bakin lambu na huɗu ya ɗaga dutse, ƙaguwa matacciya. Ya yi taku goma ya ɗaga wani. Wata ƙatuwa ta ɗaga masa hannuwa, ta ruga a karkace ta shige laka. Ya ɗaga na gaba, da na gabansa. Duk da rai.

Ya dawo tsakanin duwatsun biyu. A cikin laka, ƙarƙashin ruwa inda reshe ba ya sharewa, akwai doguwar shaida mai faɗin damtse, inda tiyon injin ban ruwa ya daɗe yana kwance. An janye tiyon. Shaidar ta hau gaɓa ta shiga lambun tumatir.

Lambun ƙanensa ne. Uwa ɗaya uba ɗaya. Mutumin ya haura hamsin, yana da jikoki, shi ne sakataren ƙungiyar masu lambu, amma har yau Auta ake ce masa.

Auta yana ɗaure tumatir a jikin sanduna. Da ya hango shi ya miƙe.

"Yaya! Kai ne a ranar nan? Shigo inuwa."

"Sannu da aiki. Ina injinka?"

"Na kai gida. Yana shan mai da yawa."

"Yaushe?"

"Jiya. Bayan na gama feshi."

"Ka yi feshi jiya?"

"Tanki guda. Tsutsa ta dame ni, ka san lokacinta ne."

Babban tankin roba yana kan tudu a tsakiyar lambu, sama da kogi da tsayin mutum uku. Mai Sawu ya hau ya leƙa. Ruwan da ya rage a gindi bai kai ɗan yatsa ba, fari kamar madara, warinsa yana hawa kai. A cikin ruwan akwai dutse ɗaure da igiya, an yanke igiyar da wuƙa.

Ya sauko ya shiga cikin tumatir. Ya juya ganye ɗaya. Tsutsa koriya tana ci, ko a jikinta. Ya juya wani a layi na gaba, ya je har ƙarshen lambu ya juya. Ko'ina suna nan, ƙosassu.

Ya tsinki reshe ɗaya ya dawo da shi.

"Auta. Tankinka babu komai, tsutsarka kuma tana da rai. Ina maganin ya tafi?"

"Maganin yanzu ba shi da ƙarfi, Yaya. Kowa na kuka."

"Ya kashe kifin kogi, ya kasa kashe wannan?"

Auta ya koma ga igiyar da yake ɗaurawa.

"Tsohuwar ta rasu," in ji Mai Sawu. "Ka ji?"

Bai ji ba. Ya zauna a kan kunyar tumatir.

"Ƙarfe huɗu a ofis. Za a kira ka a matsayin sakatare. Zan ba ka dama ka fara magana. In ka yi shiru, ni zan yi."

"Yaya, ni ne fa."

"Na sani. Tun daga lambu na uku nake roƙon Allah ya sa ba kai ba ne."

"Majemin nan ko ba wannan ba, za a kore shi wata rana. Kowa ya gaji da warinsa. Kai kuma in ka ce ba ka ga komai ba, wa zai ƙaryata ka?"

Mai Sawu ya naɗe reshen a cikin hankici, ya sa a aljihu. Ya koma bakin ruwa ya ɗauki ƙaguwa biyu.

Ofishin ƙarami ne, fanka ba ta juyawa. Injiniya tana bayan teburinta, ƙarƙashin taswirar kogin. Majemi yana tsakanin 'yan sandan biyu. Direba ya tsaya kusa da ƙofa. Mai Keji ya zo kai tsaye daga asibiti, idanunsa jajur, ya ƙi zama. Auta ya shigo na ƙarshe da littafin ƙungiya a hammata, ya zauna a kusurwa. Ta taga ana ganin kawunan mutane, wasu riƙe da galan na fetur.

"Saura minti goma," in ji babban ɗan sandan. "In akwai magana a yi."

Mai Sawu ya dubi kusurwa. "Akwai mai son ya fara?"

Auta ya buɗe littafinsa, ya dubi shafin, ya rufe. Mai Sawu ya ƙirga numfashi goma. Sannan ya miƙe, ya ajiye ƙaguwa biyu a kan tebur. Ɗaya ta kwanta yadda aka ajiye ta. Ɗayar ta nufi gefen tebur, Injiniya ta kifa mata kofi.

"Ƙaguwa ba ta barin dutsenta. Inda guba ta same ta, nan take mutuwa. Na bi su tun daga mashigi, can gaba da kwatar Majemi, na yi sama. Matattu ne har bayan mashigi, har bakin lambu na huɗu. Wannan matacciyar daga nan na ɗauko ta. Wannan mai ran kuma taku goma sama da ita. Tsakaninsu gubar ta shiga ruwa."

"Jarkokin fa?" in ji Mai Keji. "Da idona na gan su."

"Kawo su aka yi daga sama, aka share sawu."

"Lambun waye na huɗu?" in ji ɗan sandan.

Mai Sawu ya kwance hankicin ya ajiye reshen. Tsutsar ta ɗaga kai ta ci gaba da ci.

"Mai lambun ya ce jiya ya fesa tanki guda. Ga tumatirinsa. Ko ɗigo bai taɓa shi ba. Masu lambu suna da yadda suke haɗa magani: su fara zuba shi a tanki, su zura tiyo har gindi, su ɗaura masa dutse kada ya yi tsalle ya fita, su bar ƙarfin ruwa ya gauraya musu. Tankin yana tudu, kogin yana ƙasa."

Injiniya ta dafe kai. "Bawul. A bakin tiyon akwai bawul da ke hana ruwa komawa. Suna cire shi saboda yashi yana toshe shi. In inji ya mutu alhali tiyon yana cikin tanki, zai zuƙe tankin kaf ya mayar kogi."

"Lambun waye?" ɗan sandan ya sake tambaya.

"Na ƙanena."

Duk suka juya. Auta ya ajiye littafin a ƙasa a hankali.

"Akuyoyi ne suka fasa shinge ta can baya," ya ce. "Na bar injin yana aiki na tafi kora. Na tsaya gyaran shingen. Da na dawo mai ya ƙare, tanki babu komai. Na zagaya shi sau uku ina neman inda ya huje. Ƙasa a bushe. Sai na ji warin daga bakin ruwa."

"Jarka biyu a tanki ɗaya?" in ji Injiniya.

"Mai ƙarfi nake haɗawa, mu raba da maƙwabta, kowa ya sirka nasa."

"Ƙarfe nawa?"

"Wajen biyar na yamma."

"Biyar." Ta miƙe tsaye. "Lambar wayata tana bangon littafin nan naka. Ni na rubuta maka ita. Kogin ya ja baya, ruwan da ƙyar yake tafiya, sai da ya kwana a hanya kafin ya iso keji. Waya ɗaya, da na kashe inji, da na sa an bi gaɓa ana gaya wa mutane kada su ɗiba."

"Na ce ko ruwa zai tafi da shi. Da asuba na sauko na ga kifi ya fara juyewa. Tsoro ya kama ni. Na ɗauki jarkokin..."

"Da asuba," in ji Mai Keji. "Da asuba take ɗiban ruwa. Ka bi ta gaɓa. Ka gan ta?"

Auta bai ɗaga kai ba.

"Tambayarka nake. Ka gan ta?"

"Na hango wata da bokiti. Daga nesa. Ina riƙe da jarkokin, na ɓuya a ciyawa har ta wuce."

Mai Keji ya yi kansa. Direba ne ya rungume shi ta baya, yana cewa yi haƙuri, ɗan'uwa, yi haƙuri, har ya daina fizga ya durƙushe. Ɗan sandan ya kwance ankwar daga hannun Majemi. Ya tsaya da ita a hannu, yana duban Mai Sawu.

"Yi aikinka," in ji Mai Sawu.

Aka fitar da Auta ta ƙofar baya, inda motar take. A bakin ƙofar ya waiwayo. "Yaya, ka gaya wa uwar yara. Kada ta ji a bakin mutane."

"Zan gaya mata."

Majemi yana murza wuyan hannunsa. Ya leƙa ta taga ya ja da baya. "Su waɗannan ba su ji komai ba. In na fita yanzu gawata za a ɗauka."

"Zan yi musu bayani," in ji Injiniya.

"Bayanin bawul ba zai shiga kunnensu ba," in ji Mai Sawu. "Za su ce an saye ki. Suna so su ji suna, daga bakin wanda ba zai faɗe shi a banza ba." Ya ɗauki sandarsa. "Bi bayana. Kada ka yi sauri."

Ya buɗe ƙofar gaba. Hayaniyar ta taso, ta ƙaru da aka ga Majemi babu ankwa. Wani ya ɗaga galan sama. Mai Sawu ya tsaya a kan matakala har ta lafa.

"Ba shi ba ne," ya ce.

"To waye?" aka yi ihu daga baya. "In ba shi ba, waye?"

"Auta ne. Ƙanena. Ni na bi sawun, ni na miƙa shi."

Mai galan ya sauke hannunsa. Mai Sawu ya sauko matakalar, na gaba suka matsa, na bayansu ma suka matsa. Ya raka Majemi har ƙofar majema, ya tsaya sai da ya ji an sa sakata daga ciki, sannan ya juya ya nufi gidan ƙanensa.